Muhawara: Shin karan dawa da totuwar masara za su iya ba mu sukari da tsamin nono na masana'antu?

Manomi daga Kumo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga malamanmu na kimiyya, domin ɗana da ke karatu a jami'a ya zo hutu ya gaya mini cewa a wasu ƙasashe ana ɗaukar karan masara da totuwa a mayar da su sukari, daga nan a mayar da sukarin wani sinadari mai tsami da ake yin leda da shi. Ni dai shekarata talatin da wani abu ina noma, kuma karan da na sani yana da zaƙi shi ne rake da takanɗa. Busasshen karan dawa kuwa ko jaki sai yunwa ta matsa masa yake tauna ƙasansa. A bayan injin casar masara na unguwarmu totuwa ce tsibi guda, mata suna ɗiba su hura wuta, sauran kuma ruwan sama ya ruɓar da ita. Idan maganar yaron nan gaskiya ce, me ya hana mu amfana?

Malamin kimiyyar sinadarai, Gombe:
Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar ɗanka gaskiya ce, sai dai akwai tafiya mai nisa tsakanin tsibin totuwa da leda. Busasshen kara, ko na dawa ko na masara ko na shinkafa, abubuwa uku ne suka gina shi. Na farko shi ne selulos, wanda yake kamar kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari na nauyin karan, kuma ba wani abu ba ne illa sukarin gulukos da aka jera ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, dubbai a zare guda, sannan zarurrukan suka manne da juna gam ta yadda ruwa ba ya ratsa su. Audugar da Gombe ta yi suna da ita kusan zallar selulos ce. Na biyu shi ne hemiselulos, kamar kashi 20 zuwa 30, wanda mafi yawansa wani sukari ne daban da ake kira zailos. Na uku shi ne lignin, kamar kashi 15 zuwa 20, wanda ba sukari ba ne, aikinsa shi ne ya ɗaure sauran biyun ya lulluɓe su, kamar yadda laka take riƙe ciyawa a cikin tubali. Shi ne yake ba kara ƙarfin tsayawa a gaban iska, kuma shi ne yake hana harshenka jin zaƙi.

Saboda haka sukarin yana nan, har ya fi rabin nauyin karan, amma a kulle yake. Shanunka sun riga mu sanin mabuɗin, domin a cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu da suke warware selulos, haka ma gara da take cinye dannin gidanka. Abin da masana'antu suke yi shi ne kwaikwayon wannan aiki a cikin tukunyar ƙarfe, a matakai huɗu: a sassauta lignin, a yanyanka selulos ya koma sukari, a ba ƙananan halittun da ake kira bakteriya sukarin su mayar da shi tsami, sannan a tace tsamin.

Hajiya mai kiwo, Bajoga:
Malam, kafin ka yi nisa ina so in tsayar da kai a kan kalmar da mutane suke amfani da ita, wato sharar gona. A wajenmu kara ba shara ba ne. Daga watan Janairu zuwa faɗuwar ruwa, abin da yake riƙe da ran shanu da tumakina shi ne karan dawa da harawa da ƙaiƙayi, kuma da kuɗina nake saye, ba kyauta ake ba ni ba. Makiyaya suna yin ciniki da mai gona kafin su shigar da garke cikin gonar da aka girbe, wani lokaci ma rashin wannan ciniki ne yake jawo rigima. Ranar da wani kamfani zai zo yana sayen kara mota-mota, mu masu kiwo ne za mu fara ji a jikinmu.

Malamin kimiyyar sinadarai, Gombe:
Hajiya kin yi gaskiya, kuma zan dawo kan wannan, domin a ganina shi ne ginshiƙin maganar. Bari dai in ƙarasa wa Alhaji bayanin aikin. Matakin farko shi ne mafi wahala. Ana niƙa karan, sannan a dafa shi da ɗayan abubuwa biyu. Ko dai da asid mai rauni, wato irin sinadarin ruwan batir amma an tsarma shi zuwa kamar kashi ɗaya cikin ɗari, a zafin da ya kama daga digiri 120 zuwa kusan 200 a cikin tukunya mai matsi, wanda yake narkar da hemiselulos ya saki zailos. Ko kuma da abin da yake kishiyar asid, kamar sodar da ake yin sabulu da ita, wadda take cire lignin ɗin kansa ta bar sukarin a wurinsa. Akwai kuma hanyar tururi, inda ake matse karan da tururi mai zafi sannan a saki matsin farat ɗaya, zarurrukan su tarwatse.

Kowace hanya tana da illarta. Asid da zafi idan suka wuce kima suna ƙona wani ɓangare na sukarin ya koma wani sinadari mai suna furfural da ire-irensa, ga kuma tsamin binega da yake fita daga hemiselulos, kuma waɗannan guba ne ga bakteriyar da za ta yi aiki a gaba. Soda ba ta cika haifar da wannan guba ba, amma tana da tsada kuma tana buƙatar ruwa mai yawa wajen wankewa.

Ɗaliba mai nazarin ƙananan halittu, Kashere:
Allah ya gafarta Malam, ina neman izini in ƙara bayani a kan mataki na biyu da na uku, domin a kansu nake aikina na kammala karatu. Abin da yake yanyanka selulos shi ne enzayim, wato sinadarin da halittu suke fitarwa domin narkar da abinci, mai suna selules, kuma mafi yawan wanda ake sayarwa daga wata funfuna ake samo shi, Trichoderma reesei, wadda aka gano ta a tsibiran Solomon lokacin yaƙin duniya na biyu tana cinye tantunan auduga da kayan sojojin Amurka. Yana aiki sosai a zafin digiri 50 da tsami mai sauƙi, kusan 5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, kuma yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Wani abin sha'awa shi ne sukarin da yake fitowa ya fi selulos ɗin nauyi kaɗan, saboda kowane gulukos yana ɗaukar ruwa idan an tsinke shi daga zaren, don haka kilo 350 na selulos a lissafin takarda zai ba da kusan kilo 390 na sukari.

Shi kuwa tsamin, Baba ya riga ya san shi tun yana yaro, domin shi ne tsamin da ke cikin nono da kindirmo da kamu. Sunansa laktik asid. Wani masanin ƙasar Suwidin, Scheele, shi ne ya fara ware shi daga nono mai tsami a 1780, sannan Louis Pasteur na Faransa ya nuna a 1857 cewa ƙananan halittu ne suke yin sa. Bakteriyar da ake so ita ce wadda take raba gulukos ɗaya ya zama laktik biyu ba tare da ta zubar da komai a iska ba, ta yadda giram 180 na sukari zai iya ba da giram 180 na tsami, ko da yake a zahiri ana samun ƙasa da haka domin ita ma bakteriyar tana cin rabonta.

Limami daga Deba:
Ina bin wannan tattaunawa da sha'awa, amma akwai abin da ya kamata a fayyace wa jama'a tun yanzu. Mun san cewa idan aka bar ruwan sukari ya kwana yana tsima, abin da yake fitowa shi ne giya. Shin wannan aiki bai ratsa ta wannan hanya ba? Mutanenmu ba za su sa hannu a sana'ar da suke shakka a kanta ba.

Ɗaliba mai nazarin ƙananan halittu, Kashere:
Allah ya gafarta Malam, tambayar tana kan hanya. Halittar da aka zuba a cikin ruwan sukarin ita ce take yanke abin da zai fito. Idan yis, irin na yin burodi, aka zuba, barasa ce za ta fito tare da iska. Idan bakteriyar nono aka zuba, tsami ne zai fito, irin wanda yake cikin ƙwaryar nono, kuma ba ya sa maye ko kaɗan. Akwai wasu nau'o'in bakteriyar da suke fitar da ɗan barasa ko tsamin binega tare da laktik, amma masana'antu suna gudunsu saboda asara ce a gare su. Hukunci dai naku ne malamai, ni abin da yake faruwa a cikin tukunya kawai na faɗa.

Injiniya mazaunin Bauchi:
Na gode wa Malam da ƙanwata ɗaliba, amma ina ganin an nuna wa Alhaji gefen da yake da daɗin ji ne kawai. Ni da na yi aiki a masana'anta zan ce wahalar ba a ɗakin gwaji take ba, tana wajen lissafi. Ku duba abin da ya faru a Amurka, ƙasar da ta fi kowa noman masara. A 2014 kamfanonin POET da DSM sun buɗe masana'anta a Emmetsburg da ke jihar Iowa domin fitar da sukari daga karan masara da totuwa a mayar da shi barasa a yi man mota da ita, kuma a 2019 suka dakatar da aikin. Kamfanin DuPont ya buɗe tasa a wannan jiha a 2015, ya rufe ta a 2017. A Romaniya, kamfanin Clariant ya fara aiki da karan alkama a 2022, ya sanar da rufewa a ƙarshen 2023. Waɗannan mutane ne da suke da wuta ba ɗaukewa, da tituna, da injinan ɗaure kara, da masana, amma ƙasa da duwatsun da suke biyo kara suna lalata injina, tara karan daga gonaki yana cin kuɗi, enzayim kuma yana da tsada. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Su kuma manyan masu yin ledar da ake magana a kai, wadda ake kira PLA, ba da kara suke yin ta ba. Kamfanin NatureWorks da ke Blair a jihar Nebraska, wanda ya fara aiki a 2002, da sukarin ƙwayar masara yake aiki, masana'antar Rayong ta Tailan da aka buɗe a 2018 mai ƙarfin tan 75,000 a shekara kuma da sukarin rake. Sun zaɓi abinci ne saboda sitaci da sukarin rake ba su da makulli.

Malamin kimiyyar sinadarai, Gombe:
Injiniya, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka kawo ba, amma akwai bambanci da ya kamata a lura da shi. Waɗancan masana'antu man mota suke yi, abin da farashinsa yake gogayya da fetur, kuma yis yana zubar da kusan rabin nauyin sukari a iska kafin ya ba ka barasa. Laktik ya fi man mota daraja a kowane kilo, kuma ba ya zubar da rabin sukarin. Sannan a Burazil kamfanin Raízen yana ci gaba da fitar da sukari daga abin da ya rage na rake bayan an matse ruwansa, kuma abin da ya taimaka musu shi ne kayan aikin yana zube a ƙofar masana'antar sukari, ba sai an bi gona-gona ana tarawa ba. A nan ne nake son mu haɗa maganarka da ta Hajiya. Kada mu taɓa karan dawa da harawa, suna da masu su. Mu dubi abin da yake taruwa da kansa a wuri ɗaya kuma dabba ba ta damu da shi ba, wato totuwa a wurin casar masara, ɓuntu a wurin casar shinkafa, da ɓawon gyaɗa.

Mai injin casar shinkafa, Dadin Kowa:
Idan ɓuntu ne Malam, ku zo ku kwasa, domin tun da noman rani ya bunƙasa a ƙasan dam ɗin nan muke fama da shi. Masu kiwon kaji suna ɗiba su shimfiɗa, mu ma muna hura wutar turara shinkafa da shi, amma duk da haka yana taruwa har mu cinna masa wuta ya yi kwanaki yana hayaƙi, maƙwabta suna ƙorafi.

Ɗaliba mai nazarin ƙananan halittu, Kashere:
Kawu, abin takaici shi ne ɓuntun shinkafa yana cikin mafi taurin kai. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, kuma tokar kusan zallar sinadarin yashi ce, shi ya sa dabbobi ba sa cinsa kuma yake cinye haƙoran injin niƙa. Lignin ɗinsa ma yana da yawa. Na gwada shi tare da totuwa a ƙaramin gwajin da na yi, sukarin da ya ba ni bai kama ƙafar na totuwa ba. Totuwa kuwa tana da sauƙin sha'ani, lignin ɗinta bai kai na ɓuntu ba, amma tana da nata sharaɗin, domin kusan kashi ɗaya cikin uku nata zailos ne, kuma yawancin bakteriyar nono ba su iya cin zailos ba, waɗanda suka iya kuma suna raba shi biyu, laktik da tsamin binega, ta yadda giram 100 na zailos ba zai wuce giram 60 na laktik ba. Mafitar da ake bi ita ce wata bakteriya mai suna Bacillus coagulans, wadda take cin gulukos da zailos duka, kuma take jin daɗin zafin digiri 50 zuwa 55. Wannan zafi ya yi daidai da wanda enzayim yake so, don haka ana iya haɗa su a tukunya ɗaya, enzayim yana sakin sukari bakteriya tana cinyewa nan take, sauran ƙwayoyin da za su gurɓata aikin kuma zafin yana hana yawancinsu sakat.

Injiniya mazaunin Bauchi:
To mu ɗauka an samu tsamin a cikin tukunya. Tsugune ba ta ƙare ba. Bakteriyar nan idan tsami ya yi yawa ita kanta tana daina aiki, shi ya sa nono yake tsayawa a wani mizani na tsami ba ya wucewa. Dole ne a riƙa zuba farar ƙasa tana kashe kaifin tsamin yayin da ake aiki, abin da zai fito kuma gishirin laktik ne da ke haɗe da kalsiyam, sinadarin da ke cikin farar ƙasar. Domin a kwance shi sai an zuba asid na ruwan batir, kalsiyam ɗin ya kwanta a matsayin wani farin gari da ake kira jifsam, kuma kowane tan na laktik yana barin kusan tan ɗaya na jifsam. Bayan wannan ruwan da ya rage baƙi ne, cike da ragowar lignin da gishiri, ga shi laktik ba ya yarda a tace shi da tururi kai tsaye, sai an haɗa shi da wani sinadari an tace sannan an sake raba su. Mai yin leda kuma ba ya karɓar kowane laktik, domin sinadarin yana da siffa biyu kamar hannun dama da na hagu, ana kiransu L da D, kuma ledar kirki tana buƙatar kusan zallar ɗaya. Tsamin ƙwaryar nono yawanci gauraye yake.

Abu ɗaya da zan yarda ya zo mana da sauƙi shi ne farar ƙasa, tunda dutsenta ne ya kawo kamfanin siminti Ashaka, shi kuma siminti yana buƙatar jifsam, wanda ake haƙa a yankin Nafada. Ko za su karɓi jifsam ɗin da ya fito daga irin wannan tukunya, wannan sai an gwada tsabtarsa.

Manomi daga Kumo:
Na fahimci abubuwa da dama, kuma na gode. Amma ina so in ƙara wa maganar Hajiya wani abu da mu manoma muka sani. Gonar da aka share ta ƙal, aka kwashe kara har da tushiya shekara da shekaru, ƙasarta tana mutuwa, ruwan farko yana wanke ta, taki ma ba ya kama ta. Wadda aka bar wa kara shanu suka ci suka yi kashi a ciki, ita ce take ba da amfani. Don haka ko ni aka zo saye ba zan sayar da duka ba. Totuwa kuwa, ku sani ranar da mata suka ga ana auna ta a buhu ana biya, ranar ce za ta yi kuɗi, domin itace da gawayi sun yi tsada. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Malamin kimiyyar sinadarai, Gombe:
Wannan haka yake Alhaji, kuma duk wanda ya yi lissafinsa a kan cewa kayan aikin kyauta ne ya riga ya faɗi. Totuwa ma a duniya tana da masu nema, domin da ita ake yin mafi yawan furfural a ƙasar Sin, sinadarin da kamfanin Quaker Oats ya fara yi daga ɓawon hatsi a Amurka a farkon shekarun 1920. Ni abin da nake gani shi ne mu daina fara tunani daga leda. Laktik yana da kasuwa mafi kusa da ba ta buƙatar tsabta irin ta leda, kamar wajen masu jima da suke cire farar ƙasa daga fata da asid mai sauƙi, da wajen haɗa abincin kaji da dabbobi, inda gishirin laktik mai kalsiyam kansa yake da amfani, ba sai an kwance shi an tara jifsam ba. Ledar PLA ɗin ma kada a ɗauka za ta raba mu da ledar da ta toshe magudanun Gombe, domin ba ta ruɓewa da wuri a kwata ko a gona, sai a juji na musamman mai zafin kusan digiri 58 da laima.

Hajiya mai kiwo, Bajoga:
Malam, idan na fahimce ka, wannan tsami yana da amfani ga dabba. To ashe ba za a iya yin sa a cikin karan kansa ba, ba tare da tukunyar ƙarfe da ruwan batir ba?

Ɗaliba mai nazarin ƙananan halittu, Kashere:
Ana yi Mama, amma da ɗanyen kara. Idan aka yanka karan masara ko takanɗa tun yana da ruwa a jikinsa, aka daddatsa shi, aka danne shi a rami ko a babbar leda har iska ta fita, aka rufe, bakteriyar da ke jikin ganyen za ta ci sukarin ruwan karan ta mayar da shi laktik, tsamin ya ƙaru har ya kai kusan 4 a ma'aunin pH, abincin ya zauna watanni bai ruɓe ba. Bayan mako uku zuwa huɗu ana iya buɗewa. Busasshen kara ba shi da wannan sukari na fili, don haka shi sai dai a bi shi ta ɗaya hanyar da Malam ya ambata ta sassauta lignin da abin da yake kishiyar asid. Ana narkar da kilo 4 zuwa 5 na takin yuriya a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara, a rufe shi ruf na mako biyu zuwa uku, sannan a buɗe ya sha iska kafin a ba dabba. Tumbin saniya ne zai ƙarasa aikin enzayim. Sai dai a kiyaye, yuriyar da ba ta narke ta bi jikin kara ba tana kashe dabba, kuma ba a ba jaki da doki da ƙananan maruƙa.

Injiniya mazaunin Bauchi:
Wannan na yarda da shi, domin ba ya buƙatar janareta. Amma ina da sauran tambaya ga Malam a kan totuwa. Enzayim ɗin nan daga waje ake sayo shi da dala, kuma zafi yana rage masa ƙarfi idan ya daɗe a ajiye. Shin jami'o'inmu na Gombe da Kashere da ta Abubakar Tafawa Balewa za su iya renon funfunar da kansu a kan dusa su samar da shi, ko kuwa duk lissafin zai tsaya ne a kan kwalbar da aka shigo da ita?

Malamin kimiyyar sinadarai, Gombe:
Renon funfunar a kan dusar alkama ko ta shinkafa mai laima abu ne da ɗalibi zai iya yi a faranti cikin mako guda, kuma ruwan da aka tace daga ciki yana yanka selulos. Matsalarsa ita ce ba shi da ƙarfi kamar na kamfani, kuma ita Trichoderma tana da ƙarancin enzayim ɗin da yake yin yankan ƙarshe, wanda yake raba sukari biyu da suka rage a manne, shi ya sa ake haɗa ta da wata baƙar funfuna, Aspergillus niger, wadda take da shi da yawa. Alhaji, idan babu damuwa ka ajiye mana buhu biyu na totuwar bana wadda ruwa bai taɓa ba, a rufe ta a ɗaki kada ta yi funfuna, kuma ka auna mana buhu nawa na totuwa yake fita daga buhu goma na masara a injin unguwarku, domin da wannan adadi za mu fara lissafin da Injiniya yake nema.

Manomi daga Kumo:
In sha Allahu ranar Asabar za a casa tawa, zan tsaya a wurin da kaina in ƙirga. Sai dai a gaya mini ko a auna ta yadda ta fito daga inji ne, ko sai an shanya ta tukuna, domin ta farkon kaka tana da nauyin ruwa.